Waiwaye: abin da ke tsayar da shari'ar laifukan yaƙi, da abin da ke kayar da ita

Dokokin yaƙi sun girmi kotunan da ke hukunta masu karya su. Tun 1864 aka sa hannu kan yarjejeniyar Geneva ta farko, amma sai bayan yaƙin duniya na ɗaya aka fara batun gurfanar da manya. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta tanadi a yi wa sarkin Jamus, Wilhelm na biyu, shari'a. Ya riga ya tsere Holan, ita kuma ta ƙi miƙa shi. Daga sunayen Jamusawa kusan 900 da ake zargi da laifukan yaƙi aka yi ta zaftarewa, har kotun Leipzig ta Jamus ta saurari mutum 12 kacal a 1921.

Kotun Nuremberg, wadda ta yi wa shugabannin Nazi na Jamus shari'a bayan yaƙin duniya na biyu, ta ci nasara ne saboda waɗanda ake tuhuma suna hannu, takardunsu ma suna hannu. Cikin mutum 22 da aka yi wa shari'a, an yanke wa 12 hukuncin kisa a 1946, aka sallami uku. A nan aka kafa ƙa'idar cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke mutum. Aibinta a fili yake: ba a tuhumi kowa daga ɓangaren da ya ci yaƙin ba. Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta biyo baya a 1948, ta Geneva guda huɗu a 1949, sannan yaƙin cacar baka ya kwantar da maganar kotun duniya fiye da shekara arba'in.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya farfaɗo da ita da kotun tsohuwar Yugoslaviya a 1993 da ta Ruwanda a 1994. A nan aka ga ainihin wuyar aikin. Hujja iri biyu ake nema. Ta farko ita ce wadda ke nuna an aikata ta'asar: gawarwaki, kaburbura, waɗanda suka tsira. Ko wannan ba ta zuwa da sauƙi. Bayan kashe maza da samari kusan 8,000 a garin Srebrenica na Bosniya a watan Yulin 1995, an koma da motocin haƙa aka tone kaburburan aka warwatsa gawarwakin, har akan tsinci ƙasusuwan mutum guda a ramuka daban-daban. Sai da aka haɗa ƙwayar halittar ƙashi da jinin dangi kafin a gane su, aka kuma gwada ƙasar ramukan don nuna daga inda aka kwaso su. Ta biyu ita ce mai ɗaure laifin a wuyan babba: wa ya ba da umarni, wa ya ba da motoci da mai, wa aka kai wa rahoto ya yi shiru. Ana samun ta a kundin sojoji, saƙonnin rediyo da aka kama, da bakin na ciki da ya yarda ya yi magana. Kowace takarda dole a san wanda ya ɗauke ta, a ina, yaushe, da hannun da ta bi, in ba haka ba lauyan kariya ya ce jabu ce.

A wannan gaɓar kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta fi yin tuntuɓe. Ƙasashe 120 suka amince da dokarta a Roma a 1998, ta fara aiki a watan Yulin 2002, kuma ba ta shiga magana sai ƙasa ta gaza ko ta ƙi yin shari'ar da gaske. An ɗaure Jean-Pierre Bemba, tsohon mataimakin shugaban Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, a 2016, amma a 2018 sashen ɗaukaka ƙara ya wanke shi, yana cewa ba a tabbatar ya kasa ɗaukar matakan da suka dace kan dakarunsa a Afirka ta Tsakiya ba. Ƙarar da aka shigar kan Uhuru Kenyatta, shugaban Kenya na lokacin, ta watse a 2014 bayan shaidu sun janye, mai gabatar da ƙara kuma ta koka cewa ba a ba ta takardun da ta nema ba. Ga shi kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Da sammaci a kansa tun 2009 Omar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya je Afirka ta Kudu a 2015 ya koma gida lafiya lau. Wannan laifin ƙasashen da suka sa hannu ne, bai kamata a ɗora wa alƙalai ba.

Inda takardu suka tsira, shari'a kan tsaya ko an daɗe. A 2001 aka tarar da fayilolin 'yan sandan ciki na Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, zube a ƙasa a tsohon ofishinsu na N'Djamena, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare ko aka kashe. Da su da shaidar tsofaffin fursunoni kotu ta musamman a Dakar ta yi masa ɗaurin rai da rai a 2016, shekara 26 bayan faɗuwarsa. A 2022 wata kotu a Koblenz ta Jamus ta yanke irin wannan hukunci ga Anwar Raslan, tsohon jami'in leƙen asirin Siriya, inda hotunan gawarwakin fursunoni da wani mai ɗaukar hoto na soja ya fitar a ɓoye suka shiga cikin hujjojin.