Gubar da ke cikin ruwa da tsirrai: tambayoyi da amsoshi

Idan ruwa ya yi garau, ba wari, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sinadarai masu guba irin su dalma da zaiba da arsenik da naitiret duk suna narkewa a ruwa ba tare da sun sauya masa launi ko ɗanɗano ba. A Bangaladesh an haƙa rijiyoyin burtsatse masu ɗimbin yawa tun daga shekarun 1970 domin a raba jama'a da ruwan kududdufi mai kawo gudawa. Ruwan ya fito fes, sai a shekarun 1990 aka gano yawancin yankunan akwai arsenik a ƙarƙashin ƙasarsu. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru: baƙaƙen ɗigo a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya ciwon daji na fata ko mafitsara ko huhu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada arsenik ko dalma su wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Gwajin ruwan kaɗai ke nuna hakan.

Tafasa ruwa ba ya kawar da su?

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa waɗannan sinadarai. Ruwan ne ke ƙafewa ya bar su, sai ma su ƙara ƙarfi a abin da ya saura cikin tukunya. Wannan ya fi tayar da hankali game da naitiret, wanda ke tsiyayowa daga takin zamani da masai zuwa rijiya. Idan ya haura miligiram 50 a lita, aka dama wa jariri ɗan ƙasa da wata shida madarar gwangwani da shi, jininsa kan kasa ɗaukar iskar oksijin. Leɓensa da farcensa su yi shuɗi, numfashi ya yi sama-sama. Asibiti ake nufa nan take.

Me ke sa kifaye mutuwa da yawa a dare ɗaya?

Galibi shaƙewa suke yi. Ruwan sama kan wanko taki da najasa zuwa tafki, gansakuka ta samu abinci ta rufe fuskar ruwan. Da rana tana fitar da oksijin, da dare kuwa ita ma zuƙarsa take yi, ga bakteriyar da ke ruɓar da matacciyar gansakukar tana cinye sauran. Shi ya sa da asuba ake ganin kifi ya taso sama yana buɗe baki. Yawancin kifi na bukatar kusan miligiram 5 na oksijin a lita. Ya faɗi ƙasa da 2, mutuwa ta fara. Wata gansakukar, mai kama da koren fenti da aka zubar, tana da dafin da ke lalata hanta, kuma takan kashe shanu da karnukan da suka sha.

Ta yaya guba kaɗan a ruwa ke zama mai yawa a jikin mutum?

Saboda akwai wadda jiki ba ya saurin fitarwa. Ƙananan halittun ruwa su ɗauki zaiba, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, tana ta taruwa mataki-mataki. A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956, dagwalon masana'anta mai ɗauke da zaiba ne ya shiga teku. Kyanwoyi suka fara tangaɗi da farfaɗiya, sannan masunta da iyalansu, har aka haifi jarirai da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Waɗanne tsirrai ne suka fi haɗari, kuma mene ne alamunsu?

Zaƙami yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, bugun zuciya ya ƙaru, mutum ya riƙa sambatu. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu suna jan hankalin yara. Idan an tauna su sai amai da gudawa mai tsanani, na zurma kuma kan kai ga halaka. Farin ruwan tumfafiya yana cutar da ido: a yi ta kwarara ruwa mai tsafta a idon na minti 15, kada a murza.

Ga dabbobi kuwa, gyauron dawa da ya toho bayan fari yana ɗauke da wata guba da ake kira sayanayid. Saniya kan fara haki da rawar jiki ta faɗi cikin mintuna. Jininta yakan yi ja wur, alhali a gubar naitiret ƙasa-ƙasa yake yi, kuma da wannan likitan dabbobi ke bambance su.

In wani ya ci tsiro mai guba, me za a yi?

Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa madara ko mai, domin suna iya sauka a huhu. A cire abin da ya rage a bakinsa, in ya suma a kwantar da shi a gefensa. A tsinko reshen tsiron da ganye da 'ya'yansa a tafi da su asibiti, a kuma faɗa wa likita lokacin da ya ci da kimanin yawan abin da ya haɗiye.