Nonon Shanu, Madarar Waken Suya Ko Kunun Aya: Wanne Ya Kamata A Sha?

A garuruwan karkara na Kano da Jigawa, daga Dambatta zuwa Ringim da Gumel, abin da ake kira madara ya yawaita. Akwai nono da kindirmo da matan Fulani ke kawowa daga ruga, akwai madarar gari ta leda a teburin mai shayi, sannan akwai madarar waken suya da kunun aya da matan aure ke yi a gida, yara su kai tasha da bakin makaranta a cikin robobi. Ga amsoshin tambayoyin da iyaye mata, masu ciwon suga da waɗanda madara ke ɓata wa ciki suka fi yi.

Shin madarar waken suya ko kunun aya za su iya tsayawa a madadin nonon shanu?

Kowannensu da matsayinsa, domin fari da suka yi tarayya a kai ba ya nufin abin da ke cikinsu ɗaya ne. Kofi guda na madarar shanu, wato kashi ɗaya cikin huɗu na lita, yana ɗauke da kimanin giram 8 na furotin, sinadarin da ke gina jiki, da miligiram 300 na kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, wanda ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na abin da baligi ke buƙata a yini. Yana kuma da bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma ba a samunsa sai a abincin da ya fito daga dabba.

Madarar waken suya ce kaɗai a cikin na tsirrai da ake yi a gida ta matso kusa da wannan, domin idan an yi ta da kauri, kofi guda yakan ba da furotin giram 7 ko kusa da haka. Gibinta shi ne kalsiyam ɗinta kaɗan ne, kuma babu B12 a cikinta sam, sai idan masana'anta ce ta ƙara mata. Ita kuwa aya, wadda ake nomawa a ƙasar Hausa har zuwa yankin Maraɗi, 'yar saiwa ce mai sitaci da mai da zaƙi, kuma furotin ɗin da ke cikin kununta bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na na madarar shanu ba. A ganina kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara shi ne kan gaba, waken suya ya biyo baya a matsayin madogara idan nono ya yi wuya, kunun aya kuwa abin sha ne na marmari da sanyaya maƙogwaro, kuma bai kamata a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Me ya sa madara ke sa wasu kumburin ciki, ƙugi da gudawa?

A cikin madarar dabbobin da ake tatsa akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma hanji yana buƙatar wani sinadari na musamman kafin ya narkar da shi. Kusan kowane jariri yana da wannan sinadari isasshe, amma bayan yaye yakan ragu a jikin mafi yawan mutane, har masana suka ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya suna cikin wannan hali. Idan sukarin ya wuce bai narke ba, ƙwayoyin halittar da ke babban hanji ne ke cinye shi, daga nan iska ta taru, ciki ya murɗa. Abin gado ne. Binciken da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos har girmansu, alhali kusan duk manyan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa, kuma a cikin Hausawa ma waɗanda ba sa iyawa suna da yawa.

Wanda yake cikin wannan hali ba dole ne ya rabu da nono ba. Tsamin da ake ji a kindirmo alama ce ta cewa ƙwayoyin da suka kwantar da shi sun riga sun cinye wani kaso na laktos, suna kuma taimakawa wajen narkar da saura a cikin hanji, shi ya sa mutum zai sha fura da nono ya wuni lafiya, amma shayi mai kaurin madara ya hana shi sakat. Da yawa suna jure rabin kofi ko kofi guda idan sun haɗa da abinci. Nonon akuya ba mafita ba ne, domin shi ma yana da laktos. A bambanta wannan da wata matsala ta daban mai hatsari, wadda jiki ke ƙin furotin ɗin madarar kansa, a ga ƙuraje ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, musamman ga yara. Wannan maganar asibiti ce, kuma mai ita zai bar nono da kindirmo duka.

Tsakanin nono da kindirmo fa?

Kindirmo cikakkiyar madara ce da mainta. Mai yin sa da kyau takan tace madarar da tsumma mai tsabta bayan tatsa, ta tafasa ta, ta bar ta ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, sannan ta ɗiga ɗan ragowar kindirmon jiya, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ajiye a kusurwar ɗaki. Da safe za a tarar ya kama, ludayi yana yankarsa yana barin gurbi. Nono kuwa an kaɗa shi an cire man shanu, saboda haka ya fi tsinkewa da tsami. Furotin da kalsiyam suna nan a cikinsa, bitamin A ne ke bin man ya tafi. Ga yaro mai tasowa da mai shayarwa kindirmo ya fi, ga dattijon da likita ya ce ya rage maiƙo kuwa nono ya fi dacewa.

Matsalar nono ta fi fitowa da rani. Shanunmu na gida, Bunaji da Rahaji da Bokolo, ba su cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a yini ba bayan rabon ɗan maraƙi, kuma idan ciyawa ta bushe, garken ya yi kudu, abin yakan ragu ƙwarai. A lokacin ne wasu masu sayarwa ke ƙara ruwa, su ɗaure shi da garin 'ya'yan kuka ko sitaci. Kuka ba ta cutarwa, amma ruwan da aka ƙara shi ne abin tsoro idan daga kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya aka ɗebo shi, kuma haka abin yake ga ruwa da ƙanƙarar da ake dama fura da su.

Gaskiya ne ɗanyar madara ta fi amfani, tafasawa tana kashe ƙarfinta?

Abin da tafasawa ke ragewa ɗan kaɗan ne daga wasu bitamin, furotin da kalsiyam kuwa suna nan daram. Abin da take kashewa shi ne ƙwayoyin cuta, kuma biyu daga cikinsu sanannu ne a garkunan ƙasar nan. Ta farko ita ce tarin fuka na shanu, wanda ke kama mutum ta hanyar madara. Ta biyu ita ce cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa, wadda idan ta shiga jikin mutum takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, sai a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot wata da watanni babu sauƙi. Tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar waɗannan ƙwayoyi, domin suna iya rayuwa kwanaki a cikin nonon da aka kwantar da ɗanyar madara. Masana'antu suna ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, a gida kuwa ya isa a bari ta tafaso sosai. Wannan ya haɗa da nonon raƙumi da ake sha ɗanye da sunan magani. Babu laifi mai saye ya tambayi mai nono ko tana tafasawa, kuma ya riƙe wadda ya yarda da tsabtarta.

Za a iya ba jariri madarar waken suya ko kunun aya idan nonon uwa ya yi kaɗan?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla na wata 6, ba tare da ko ruwa ba, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Jaririn da bai kai wata 6 ba, idan ya rasa nonon uwa, madarar jarirai ta musamman yake buƙata bisa jagorancin ma'aikatan lafiya. Daga wata 6 zuwa sama ana iya ba shi tafasasshiyar cikakkiyar madarar dabba tare da abinci mai ƙara jini irin su hanta da kifi, saboda madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe mai yawa. Yaron da aka dogara da tsinkakken kunu ko ruwan aya wajen ciyar da shi yana kan hanyar tamowa ko da cikinsa a cike yake. Wurin waken suya a abincin yaro shi ne a soya shi, a niƙa da gero da gyaɗa, a dama masa kunu mai kauri, kuma a tsince gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta.

An ce waken suya yana rage wa maza ƙarfi, aya kuma tana ƙarawa.

Waken suya yana da wani sinadari mai ɗan kama da na jikin mata, daga nan maganar ta samo asali, amma gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan maza ba su nuna yana rage sinadarin mazantaka ba, kuma mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin sa kullum. Abin da ake faɗa game da aya kuwa ya fi ƙarfi a bakin masu talla fiye da a binciken likitoci.

To, yaya ake raba madarar waken suya da gafi?

Gafin nan shi ne ya sa mutane da yawa suka ɗanɗana sau ɗaya suka haƙura. A tsince waken, a jiƙa shi kamar awa 8, a rage lokacin idan ana zafi don kada ya yi tsami, sannan a murje ɓawon a wanke. Kafin a kai inji, a zuba shi a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, domin zafin yana kashe abin da kan haifar da gafin idan an niƙa ɗanyen waken da ruwan sanyi. Bayan an tace, a ɗora a wuta ana juyawa. A nan ne ake yawan kuskure, saboda kumfa takan taso tun kafin ainihin tafasa, sai a ɗauka ta nuna a sauke, alhali tana buƙatar minti 15 zuwa 20 tana tafasa kafin abin da ke hana narkewar furotin a ɗanyen wake ya mutu. Madarar da ba ta nuna ba ita ce ke kumbura ciki. Citta da kanumfari suna gyara ƙamshinta, dusar da ta rage kuma ta shiga ƙosai ko a ba awaki.

Mai ciwon suga ko hawan jini wanne zai zaɓa?

Madarar waken suya da ba a sa wa sukari ba ita ce mafi sauƙi gare shi, domin sukarinta kaɗan ne ƙwarai, mainta kuma ba irin mai daskarewa ba ne. Kofin madarar shanu yana da laktos kimanin giram 12, kuma kindirmo ko nono ba tare da sukari ba ba su cika tayar da suga da sauri ba. Furar da aka dama da sukarin da aka zuba su ne abin lura. Kunun aya ne ya fi yaudara, saboda ana yi masa kallon magani, alhali aya tana da nata zaƙin, an haɗa ta da dabino, sannan mai sayarwa ta ƙara sukari. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kusan rabin nauyinta sukari ne. Mai ciwon ƙoda ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

Madarar leda da ta kwali da ake kawowa daga birni fa?

Da yawa daga madarar gari mai araha an cire mata man shanu an mayar da man tsirrai, kuma ana rubuta hakan a jikin ledar tare da lambar NAFDAC. Ba ta da illa ga babba, amma ba ta jarirai ba ce. Kofi guda na madara yana cin gari kusan giram 30, don haka ƙaramar leda a babban kofin shayi launi kawai take sauyawa. Akwai kuma madarar almon (ƙwallon wani itace) da ta ot (wani hatsi) a manyan kantunan Kano. Ta almon furotin ɗinta bai wuce giram 1 a kofi ba, kuma kuɗin kwali guda zai sayi waken suya mai yawa a kasuwar hatsi ta Dawanau.

Idan nono ya yi tsada da bazara, ina za a samo abin da aka rasa?

Furotin yana samuwa a madarar waken suya da awara da wake da ƙuli-ƙuli. Kalsiyam yana cikin riɗi, wanda Jigawa ke nomawa da yawa, da zogale da miyar kuka, da ƙananan busassun kifin Haɗeja idan an daka su da ƙayarsu an zuba a miya. B12 kuwa sai ƙwai, kifi, nama ko hanta. A kula da ajiya a wannan lokaci, domin madarar waken suya da kunun aya ba sa kai yamma a zafin Afrilu idan babu firji ko ƙanƙara, kuma robar da ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe murfinta, ta riga ta lalace ko da ɗanɗanonta bai gama sauyawa ba.