Waiwaye: Ƙasar da Baƙinta Ke Kwana a Gidan Maƙwabci

Ƙasashe sama da 180 ne ke da hulɗar jakadanci da Fadar Fafaroma, amma duk wanda ya zagaye Vatikan lungu-lungu ba zai tarar da ofishin jakadanci ko ɗaya ba. Ina ma wurin yake? Duka ƙasar hekta 44 ce, gonar wani babban manomi ta fi ta faɗi, kuma coci da gidan tarihi da lambuna sun cinye yawancinta. Saboda haka da yawa daga cikin jakadun da aka turo wa Fafaroma, har da na Najeriya, a birnin Rum suke zaune, cikin ƙasar Italiya. Abin dariyar ma shi ne ita kanta Italiya tana da jakada a Fadar Fafaroma, ofishinsa kuwa yana cikin babban birnin ƙasarsa. Jakada ke nan da bai taɓa tsallake iyaka ba don kama aiki.

Da can ba haka abin yake ba. Fafaroma sarki ne mai ƙasa sosai, yana mulkin tsakiyar Italiya, Rum ce hedikwatarsa, sarakunan Turai suna aiko masa da wakilai. Sifaniya ta kafa jakada na dindindin tun ƙarni na 15, kuma a 1647 ta sayi gidan da har yau take ciki. Dandalin Piazza di Spagna, inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo suna ɗaukar hoto a kan matakala, daga wannan gidan ya samo sunansa, ko da yake yawancinsu ba su ko waiwayar ƙofar.

Ranar 20 ga Satumba 1870 sojojin Italiya suka fasa ganuwar Rum suka ƙwace birnin. Fafaroma Pius na 9 ya shige Vatikan ya ce shi fursuna ne, magadansa ma suka ƙi fitowa har kusan shekara 59. Ƙasa ta tafi, amma jakadu ba su tattara kayansu ba, domin takardunsu na kama aiki ba ga wata ƙasa aka rubuta su ba, ga kujerar shugaban cocin Katolika aka rubuta. A ganina nan ne bakin zaren. Ko da aka ƙirƙiri ƙasar Vatikan da yarjejeniyar Lateran ranar 11 ga Fabrairu 1929, wadda Firaministan Italiya Mussolini da wakilin Fafaroma Kadinal Gasparri suka sa wa hannu, ba a canja wannan ba. An dai rubuta cewa jakadun za su zauna a ƙasar Italiya da cikakkiyar kariya, ko da ƙasashensu ba sa ga maciji da ita.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gwada wannan alƙawari, ya kuwa sha ruwa. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni 1940, wakilan ƙasashen da take gaba da su dole suka ƙaura cikin Vatikan, aka cusa su a masaukin Santa Marta. Wakilin Birtaniya, D'Arcy Osborne, ya shiga da hadiminsa da karensa, ya yi shekara huɗu a wurin da mutum zai taka daga wannan bango zuwa wancan kafin shayinsa ya huce. Daga can ya riƙa taimaka wa fursunonin yaƙi da suka tsere suna ɓuya a Rum. Da sojojin ƙawance suka kama birnin a Yuni 1944 sai reshe ya juya da mujiya: su Osborne suka fito, jakadan Jamus Ernst von Weizsäcker da na Japan suka shiga neman mafaka.

Akwai ƙa'ida ɗaya da Fadar ba ta wasa da ita: ba ta karɓar jakadan da shi ne kuma jakada a Italiya. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya ɗora wa jakadanta na Faransa ko na Jamus aikin, ya riƙa zuwa jefi-jefi, amma ban da wanda ke Rum. Shi ya sa ƙasashe da dama ke biyan hayar gida biyu a gari ɗaya. Ireland ta rufe nata ofishin a 2011 da sunan tsimi, aka yi ta cacar baki, ta sake buɗewa a 2014. Amurka, wadda sai a 1984 ta ƙulla cikakkiyar hulɗa a zamanin Reagan, ta mayar da nata cikin harabar ofishinta na Italiya a 2015, amma gini daban, jakada daban.

Saudiyya ba ta da jakada a can, China ma haka. Kujerar da Beijing za ta zauna Taiwan ce ke kanta, kuma ofishin Taiwan da ke titin da ya nufi dandalin Saint Peter na Vatikan shi ne kaɗai cikakken ofishin jakadancin da ya rage mata a duk nahiyar Turai.