Ganyen fen na roba a baranda: tambayoyi da amsoshi ga mai ƙaramin ƙarfi

Wanda ya ratsa sababbin gine-ginen Bauchi, wajen Fadaman Mada ko hanyar Jos, zai riƙa ganin kwanduna rataye a baranda, koren ganye na zubowa ta kowane gefe. Da yawa daga cikinsu roba ce, kuma wanda aka haɗa aka gama yakan yi tsada a shagon kayan ado, alhali haɗa shi a gida aikin yamma ɗaya ne. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai. Yawanci daga matan gida suke fitowa, shi ya sa da su nake magana.

Anti, wane ganye ne wannan? Me zai hana in shuka na gaske?

Fen ne. Shuka ce da ba ta fure, ba ta 'ya'ya, tana yaɗuwa ne ta wani gari da ke fita daga ɗige-ɗigen da ke bayan ganyenta. Wanda aka fi ratayewa shi ne fen ɗin Boston, wanda aka gano a 1894 cikin kayan shuka da aka kai birnin Boston na Amurka. Abin da ya sa ya yi fice shi ne ganyensa lanƙwasowa yake yi ƙasa, ba ya tsayawa ƙiƙam.

Matsalar ita ce inuwa yake so da iska mai laima, mu kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya barin laima ko a leɓen mutum. Maris da Afrilu zafi ya kai digiri 40. Kwandon da ke rataye kuwa ta ko'ina iska ke dukansa, ya fi tukunyar ƙasa saurin bushewa. A Jos, da ke kan tudu, zai rayu ba da wahala sosai ba. A nan sai ban ruwa safe da yamma da yayyafa wa ganyen, a gidan da wataƙila wajen 'yan garuwa ake sayen ruwan. Idan kina da rijiyar burtsatse da haƙuri, bismillah. Idan babu, na roba ba abin kunya ba ne.

Me da me zan tanada?

Kwando mai faɗin inci 12 zuwa 14, ganye ƙulli huɗu zuwa shida gwargwadon cikarsu, siririyar waya irin wadda masu ƙarfen gini ke ɗauri da ita, filaya, sarƙa ko igiyar roba, da ƙugiya. Sai abin da za a soke ganyen a ciki: farin soson nan mara nauyi da ake tare firiji ko talabijin da shi cikin kwali. Masu sayar da kayan lantarki zubar da shi suke yi, roƙa kawai za ki yi. Ki nemo kuma ƙyallen buhun algarara ko wani baƙin yadi da ya tsufa.

Kada ki kashe kuɗi a kwando. Idan aiki ya yi kyau ba wanda zai gan shi, ganye zai rufe. Tsohon kwandon wanke-wanke na roba ya isa, ko robar fenti da aka yanke rabi. In launinsa ja ne ko shuɗi mai kashe ido, a shafa masa baƙin fenti. Kuɗin ki tara shi a ganye da ƙugiya.

Ta yaya zan gane mai kyau a kasuwa? Duk kore nake gani.

Iri biyu za ki tarar a Wunti ko Santaral. Akwai na yadi, mai laushi, wanda a falo ya fi kama da na gaske. Akwai na roba zalla. Na baranda roba za ki ɗauka, domin na yadi yana shan ƙura har cikin zarensa, bakinsa yana zarewa, kuma idan feshin ruwa ya taɓa shi wani yakan zuba.

Ki ce wa mai shago ya ba ki ƙulli ɗaya ki fita da shi bakin ƙofa. Fitilar shago tana rufa wa kaya asiri. A hasken rana za ki ga wanda korensa ke ƙyalli har ya yi yawa, shi ne tun daga titi ake gane roba ce. Nemi mai duhu-duhu, mara sheƙi, wanda tsakiyar ganyen ta ɗan fi bakinsa duhu. Daga nan ki lanƙwasa kara ɗaya. Idan ya tsaya yadda kika lanƙwasa shi, akwai waya a ciki, shi ake so. Idan ya koma ya miƙe, ajiye musu kayansu, ko nawa aka rage miki. Ki ɗan ja ƙaramin ganye ɗaya a hankali, wanda ya fita a hannunki a shago iskar damina ba za ta bar shi ba. Wasu masu kyau har ɗige-ɗigen bayan ganyen ake yi musu, kuma wannan yana da amfani tunda daga ƙasa ake kallon abin da ke rataye.

In kin ga an rubuta UV a jikin ledar, ana nufin an sa wa robar maganin rana. Ya fi tsada, kuma ba kowane rubutu ne gaskiya ba, amma idan bambancin kuɗin kaɗan ne gara shi.

Kada ki sayi launi ɗaya duka. Ƙulli huɗu masu duhu, ɗaya mai haske, za ki ga amfaninsa a gaba.

Wajen rage kuɗi kuma, ku haɗu ku biyu ko uku ku sayi dozin, farashin sari daban ne. Masu kwalliyar wurin biki sukan sauya kaya, su rabu da tsofaffin a araha, yawanci ƙura ce kawai a jikinsu. Gab da salla da ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke yawa, ba lokacin ciniki ba ne.

To, ya ake haɗawa?

Sa ɗan dutse a gindin kwandon, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, don kada iska ta riƙa wasa da shi. Yanke soson ya shiga da ƙyar, ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da bakin kwando. Zura waya ta gindi ki gicciya ta a kansa ki murɗe. Rufe saman da algarara, ki tura bakin ta gefe. Farin soso ko kaɗan ya leƙo ya ɓata aikin.

Nan ne mutane suka fi yin kuskure: sai su soke ƙullin yadda ya fito daga kwali, a miƙe, su rataye, abu ya fito kamar an kafa tsintsiya. Warware ƙullin za ki yi. Sa filaya ki yanke kowane reshe daban, ki bar masa kara tsawon yatsa. Waɗanda suka cukurkuɗe a kwali ki tsoma su cikin ruwa mai ɗan zafi, ba tafasasshe ba, ki miƙar da hannu, su huce a haka.

Kafin ki fara sokewa, rataye kwandon a ƙusa daidai tsayin fuskarki, kada ki yi aikin a ƙasa. Mafi tsawo su za su zagaye baki, a soke su kusan a kwance suna kallon waje. Layi na biyu a ɗan karkace. Gajeru da masu hasken nan su shiga tsakiya a tsaye, su ne za su zama kamar sabon toho. Ki huda algararar da ƙusa kafin kowane kara ya shiga. Kowane reshe ki kama shi tsakanin babban yatsa da manuni, ki bi shi daga gindi zuwa baki kina lanƙwasawa a hankali, ba karya shi wuri ɗaya ba.

Kuma kada ki daidaita shi sosai. Shukar gaske ba ta san ma'auni ba, wani gefen ya fi wani tsawo, wani reshen ya bauɗe ya bi ta kansa. Ki ja baya taku biyar, ki duba inda kwando ke leƙowa, ki cike nan kawai.

Ba a sa gam?

Yi hankali da shi. Sufa gulu da fentin feshi suna cinye farin soson, a gabanki zai lotsa. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana riƙewa, amma ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yakan saki. Abin da na fi yarda da shi shi ne a tanƙwara ƙarshen karan da filaya ya zama 'yar ƙugiya kafin a tura, sannan dogayen na baki a ɗaure su da waya a jikin kwandon. In dole sai gam, farin gam na kafinta ba ya cin soso.

Hajiya, maigida ya ce ba za a huda masa silin ba.

Yana da gaskiya, ki gaishe shi. Silin roba da na POP ba a yi su don ɗaukar kaya ba, ƙugiyar za ta zare ta tafi da guntun silin. Kafinta zai lalubo inda katakon yake a sama ya ɗaura ƙugiya a ciki. Idan dekin ne, a huda a sa fisha, wato robar nan da ake cusawa a hudar don ta riƙe ƙugiyar. Mafi sauƙi ma, mai walda ya yi muku ɗan hannun ƙarfe a ɗaure a ginshiƙin baranda, ba a taɓa silin ba sam, kuma ɗan haya zai iya cire abinsa ranar tashi.

Sarƙa uku, tsayi ɗaya, in ba haka ba kwando ya karkace. A matse bakin ƙugiyar da filaya. Inda mutane ke wucewa, ganyen ƙasa ya kai mita biyu daga daɓe, kada ya riƙa ture wa baƙi hula, kuma akuya da yara kada su kai. Guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, idan barandarku gabas take kallo, da kin ga hadari ya haɗu ki sauke shi.

Rana ba za ta kashe launin ba?

Za ta kashe, sai dai a jinkirta. Hasken rana yana cin roba a hankali, koren ya koma shuɗi-shuɗi, daga baya ganyen ya riƙa karyewa da an taɓa. Barandar da ke kallon yamma ita ta fi wahala, rani ɗaya ya isa ki ga canji. A irin wannan, matsar da ƙugiyar ciki kusa da bango. Wanda ke cikin inuwa sosai yakan yi shekaru. Ki riƙa juya kwandon duk wata don kada gefe ɗaya ya ƙone shi kaɗai. Akwai banish na feshi mara launi mai kare rana a wasu shagunan fenti. In kin samu, ki gwada a reshe ɗaya tukuna, kuma ki fesa a tsakar gida tun kafin ki soke ganyen a soso.

Ƙurar hunturu fa?

Kada ki tsaya goge ganye ɗaya-ɗaya da tsumma. Sauke shi, kaɗe, ki kifa shi cikin baho da ruwa da ɗan sabulu ki jijjiga, ki ɗauraye, ya bushe a inuwa. Ruwan ɗaurayar wanki ma ya isa. Ban da bilic. Masu shafa man gyaɗa ko basilin don ya yi sheƙi kuma ƙura suke kira, kwana biyu zai yi dauɗa ya manne.

Akwai laifi a addini?

Hanin da malamai ke magana a kai na surar abu mai rai ne, mutum ko dabba. Bishiya da ganye ba sa ciki.

Zan iya yi da ƙwarya?

Ƙwarai, kuma sassaƙaƙƙiyar ƙwarya ta fi kowane kwandon kanti kyau, a nan ma sai ki rage ganyen gefe don zanen ya fito. Ki huda wuri uku da ƙusa mai zafi, yatsa biyu ƙasa da baki don kada ta tsage, ki shafe ta da banish ciki da waje saboda ƙwari. Inda feshin ruwa ba ya kaiwa za ki sa ta. Ko ƙwarya ko roba, a huda gindin, ruwan da ya kwanta a ciki gidan sauro ne. Kafin ki sa hannu ki sauke shi kuma ki leƙa tukuna, rina na son yin gida a tsakiyar ganyen. A nisanta shi da ƙwan fitila mai zafi, da wurin da ake ajiye janareta ko murhun gawayi.