Rektifayar Cajar Batir da Yadda Ake Canza Ta

Rektifaya ita ce ɓangaren cajar batir da ke karɓar wuta mai kai-da-komo, irin ta NEPA ko ta janareta, ta mayar da ita mai bin hanya ɗaya, wadda batir ke iya sha. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Taransifomar cikin cajar batirin mota ke rage ta zuwa wajen 14, sannan ta miƙa wa rektifaya. Yawanci dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai) huɗu ne aka curo a ɗan murabba'i mai ƙafa huɗu: biyu masu alamar ~, ɗaya mai +, ɗaya mai −.

A ƙauyukan Kano da Jigawa, inda batir ke riƙe da shagon cajin waya da gidan kallon ƙwallo, caja kan wuni tana aiki cikin zafi da ƙura. Amma abin da ya fi saurin kashe rektifaya shi ne a juya kawunan batir, ja ya koma wurin baƙi. Nan take dayod ya ƙone. Sai a ji taransifoma tana gurnani tana ɗaukar zafi, ko fis ya riƙa tsinkewa, ko allurar mita ta ƙi motsi. Sau da yawa taransifomar lafiyarta ƙalau, don haka asara ce a sayar wa 'yan gwangwan da caja tun ba a buɗe ta ba.

Mai gyara kan zare caja daga wuta da batir, ya cire wayoyin rektifaya, ya auna kowane dayod da mitar awon lantarki. Lafiyayye na nuna bolt 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, in an juya wayoyin mita ya ƙi ba da hanya. Wanda ya buɗe ta fuska biyu, ko ya toshe duka, ya mutu.

Ɗaya daga cikin rektifayoyin da ake sawa a madadi ita ce KBPC3510, mai ɗaukar amfiya 35, ana samunta wurin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wayoyin taransifoma su tafi ƙafafun ~, jan kai ya tafi +. Dole a ɗaure ta tamau da noti a jikin farantin alminiyom ko ƙarfen caja. In aka bar ta tana lilo, zafi ke cinye ta. Tsofaffin cajoji masu faranti-faranti na seleniyom kan ƙara ƙarfi in an sa musu sabuwa ta silikon, shi ya sa ake tsayawa a kan mita yayin cajin farko kada ruwan batir ya tafasa.