Shirye-shiryen 'Yan Sikawut a Katsina da Daura: Sansani, Fita da Tara Kuɗi

Sikawut ƙungiya ce ta tarbiyyar yara da matasa wadda ke koyar da su ta hanyar aiki da hannu, zama a fili da hidimar jama'a. Wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, ya assasa ta bayan sansanin gwaji da ya yi da yara 20 a tsibirin Brownsea a watan Agustan 1907. Ta shigo Najeriya a 1915, ƙungiyar ƙasa kuma ta zama mamba a ƙungiyar sikawut ta duniya a 1961. Takenta shi ne kasancewa cikin shiri kullum. A Jihar Katsina, kamar sauran jihohin Arewa, mafi yawan rundunonin sikawut suna jingine ne da makarantu, kuma malami ne ke jagorantarsu. Wannan maƙala ta shafi yadda runduna ko reshen yanki ke tsara ayyukan shekara, da fita, da neman kuɗin da za a yi su.

Rukuni

Ana raba runduna zuwa ƙananan rukunoni na yara shida zuwa takwas, kowanne da shugabansa da mataimaki daga cikin yaran. Duk lissafin da zai biyo baya a kan rukuni ake yin sa: tanti, tukunya, jarkar ruwa, kujerun mota, har ƙirgen kai kafin a tashi. Rundunar da malami ke yin komai da kansa takan iya fareti, amma ta fita fili sai ta rikice, don babu yaron da ya san abin da ke wuyansa.

Kalandar shekara

Abubuwa uku ke yanke wa shirin shekara hukunci a wannan yanki: yanayi, zangon karatu, da watan Musulunci.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin sansani. Ƙasa a bushe take, sauro ya ragu, an gama girbi don haka iyaye ba sa buƙatar yara a gona. Illarsa sanyin asuba da ƙura, sai kuma gobara, domin ciyawa ta bushe ƙayau, iska kuma ba ta tsayawa. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Katsina da Daura, ga sanƙarau da ke yaɗuwa inda aka cunkushe. Doguwar tafiya a ƙasa ba ta dace da wannan lokaci ba, sai dai a fita bayan asuba a dawo kafin ƙarfe 10. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ta dashen itatuwa ce da gyaran magudanan ruwa. Ana iya sansani a cikinta, amma a cikin harabar makaranta, inda akwai ajin da za a fake idan hadari ya taso.

Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka jadawalin bara ba ya aiki bana. Wanda ya kwafe shi ido rufe zai iske ya sa sansani a goman ƙarshe. A Daura kuma sai an lura da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da gari ke cika da baƙi.

Akwai ranakun da ba sa motsi: 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell, 13 ga Maris, ranar sikawut ta Afirka, 27 ga Mayu, ranar yara, da 1 ga Oktoba, ranar 'yancin kai. A ƙarshen mako na uku na Oktoba kuma akan yi taron duniya ta rediyo da intanet, wanda aka faro ta rediyo a 1958. Wannan shi ne taron ƙasa da ƙasa mafi sauƙi ga yaron Mai'aduwa ko Ɓaure, don waya ɗaya mai data ta ishi rukuni guda. Babban taron duniya kuwa, wanda aka fara a Landan a 1920, aka yi na 2023 a Koriya ta Kudu, aka kuma ba Poland na 2027, kuɗinsa ya fi ƙarfin runduna ta makaranta.

Ranakun hawan Sallah na hidima ne. 'Yan sikawut kan taimaka wa jami'an tsaro da 'yan agaji wajen tsare layin 'yan kallo da haɗa yaran da suka ɓace da iyayensu. Ba a sa ƙananan yara a bakin hanyar dawaki. Dokin da ya firgita da ƙarar bindigogin gargajiya ba ruwansa da igiya, balle yunifom.

Fita ta yini guda

Cikin birnin Katsina, rana ɗaya ta isa a ga Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin mita 15, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sannan Ƙofar Soro, sannan tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Matattakalar hasumiyar ƙunci gare ta kuma ginin ƙasa ne, don haka rukuni ɗaya ke hawa, sai ya sauko wani ya hau. Zagayen ƙofofin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri har Ƙofar Guga, darasin taswira ne mai kyau: a ba kowane rukuni takarda ya zana hanyar da ya bi, ya nuna gabas da arewa. Yara na tafiyar kilomita 3 zuwa 4 a awa, da wannan ake auna lokaci, ba da tafiyar malami ba.

A Daura akwai rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da kuma fadar Sarki. Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne. A ƙasar Mani kuma akwai kaburburan Durɓi ta Kusheyi. Duk waɗannan wurare suna da masu kula da su, ana kuma rubuta musu takarda tun da mako biyu. Fada ba a yi mata zuwan ba-zata.

Madatsun ruwa irin su Ajiwa da Sabke na jan hankalin yara, nan ne kuma haɗari ya fi yawa. Gefen dam laka ne, zurfinsa kan faɗa lokaci guda, akasarin yaran yankin kuma ba su iya iyo ba. Ƙa'ida ita ce a ja layi a ƙasa nesa da bakin ruwa, wanda ya tsallake shi ya koma mota.

Idan an yi shatar mota, a je tasha a ga motar da direban ido da ido kwana ɗaya kafin tafiya, a duba tayoyi da safaya. A ƙirga yara sau huɗu: kafin tashi, da isa, kafin juyowa, da sauka. A kuma tabbata an shigo gari kafin magariba.

Sansani

Tun bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara su fiye da 300 a Disambar 2020, kwana a daji ya fita daga lissafin duk mai hankali, musamman a yammacin jihar, ɓangaren Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa. Wurin da ya dace shi ne harabar makaranta mai katanga a cikin gari. Kafin a sa rana ana neman izinin hukumar makaranta da ofishin ilimi, a sanar da 'yan sanda a rubuce, a gaida mai unguwa ko dagaci. Kowane yaro ya kawo takardar amincewa da mahaifi ko mariƙi ya sa wa hannu, da lambar waya, da bayanin ciwon da yake da shi, musamman sikila, asma da farfaɗiya. Wanda bai kawo ba ba ya kwana, ko ɗan wane ne. 'Yan mata suna da nasu ɓangare da malamai mata, babba kuma ba ya kwana tanti ɗaya da yara.

Ruwa shi ke fara kunyata masu shiri. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da alwala da wanka. Yara 40 da manya 6 na buƙatar lita 690, wato jarka 28 mai cin lita 25, kusan kura uku ta ɗan garuwa kowace rana. A ware jarkokin sha a ɗaura musu ƙyalle, kada a tsoma moɗa a ciki, a riƙa tsiyayawa. Masai ɗaya ga mutum 20, idan kuma sabo za a haƙa, ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ya kasance iska ba ta kwaso shi zuwa madafa. A ajiye toka da buta da sabulu a bakinsa.

Ana kafa tanti ne a tudu, ƙofarsa ta ba iska baya. A hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuwa daga gabas yake tasowa. Ƙasar yankin jigawa ce, gajeren turke ba ya riƙe ta. A sami mai tsayin kamu biyu, a kafa shi a karkace, kansa na kallon nesa da tanti. Kada a yada zango ƙarƙashin tsohuwar bishiya mai busassun rassa, ko kusa da suri da tarin duwatsu. Kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama.

Lissafin abinci da awo ake yi, ba da ido ba. Giram 150 na ɗanyar shinkafa ya ishi yaro a ci ɗaya, ke nan kilo 6 ga yara 40. Garau-garau, taliya da manja, ɗanwake, koko da ƙosai da safe: duk abinci ne da rukuni zai iya dafawa da kansa. Nama da kifi a saye su a ranar, a cinye a ranar. Abincin da ya kwana a tukunya kan jawo gudawa a sansani. Murhu a share kewayensa taku uku, bokitin yashi na gefe.

Akwatin agajin gaggawa ya ƙunshi bandeji, filasta, auduga, aidin, almakashi, safar hannu, farasitamol da gishirin-da-sukari na leda. Idan na ledar ya ƙare, ana haɗa wani da lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Saran maciji, musamman kububuwa, ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. A kwantar da yaro, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a nufi asibiti. Shi ya sa mota mai mai a ciki take kwana a sansani.

Tara kuɗi

Kafin a roƙi kowa ana rubuta kasafi: mota, abinci, ruwa, itace ko gawayi, magani, hayar tanti, a ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, don farashin da aka ji a kasuwa yau ba shi za a tarar ba bayan wata biyu.

Hanya mafi tabbas ita ce karo-karon mako. Kuɗi kaɗan ne wanda yaro zai iya cirewa daga na tara, shugaban rukuni ya karɓa, ya rubuta, ya miƙa wa ma'aji. Ba ta da armashi, amma ita ce ke sayen shinkafa. Ƙaddamar da gidauniya ita aka fi so, ita ce kuma ta fi yaudara. A kama hayar rumfa da kujeru da lasifika, a buga katin gayyata, babban mai ƙaddamarwa ya aiko wakili, sanƙira ya shelanta alƙawura a yi tafi, bayan wata uku ana ta sintiri a ƙofar gidajen mutane. Alƙawari ba ya shiga kasafi sai ya zama kuɗi a hannu. Sau da yawa gara a nemi kaya kai tsaye: buhun shinkafa wurin ɗan kasuwa, mota wurin tsohon ɗalibi, ruwa wurin mai gidan fiya wata. Mutum ya fi sakin abin da yake sayarwa a kan kuɗin aljihunsa.

Akwai kuma neman kuɗi da gumi, wanda ya fi dacewa da manufar ƙungiyar. A Ingila a da akan ware mako guda da yara ke yin ƙananan ayyuka a biya su. A nan, abin da ya fi karɓuwa shi ne renon dashe, tunda jihar na kan layin shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da hamada. Ana tara ledojin fiya wata, a yanke baki, a huda gindi, a cika da jigawa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Zogale na tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Irin darbejiya kuwa ba ya jure ajiya, cikin 'yan makonni yake mutuwa, sai a shuka shi da ɗanyensa. A fara wata uku kafin ruwa ya zauna, a sayar a Yuli. Abin da ke kashe wannan sana'a biyu ne: awaki, da hutun makaranta da ba a raba wa kowa ban-ruwa ba.

Ba a tura yara da kwali su tsaya a bakin titi ko su bi shaguna. A idon mutanen Katsina wannan bara ne, kuma yana zubar da mutuncin yunifom. Fatun layya ma ba hurumin sikawut ba ne, ƙungiyoyin addini sun daɗe da riƙe wannan ƙofa.

Kuɗi ba ya kwana a asusun malami. A buɗe na runduna mai sa hannun mutum biyu, ɗaya daga cikin iyaye, kowace shiga da fita da rasit. A ware wani kaso don marayu da waɗanda iyayensu ba su da hali, a biya musu ba tare da an kira suna a gaban 'yan'uwansu ba.

Bayan an dawo

Cikin mako guda ake liƙa bayanin kuɗi a allon sanarwa, a aika kwafi ga duk wanda ya ba da gudummawa. Kaya kuma a ƙirga su da takardar da aka fita da ita: tukwane, tocila, usur, igiyoyi, turaku. Tanti a shanya shi ya bushe sarai kafin a naɗe, a ɗora shi a kan benci ko katako, nesa da bango, saboda gara da ɓera.