Karatun tauhidin ɗabi'a da ruhaniya a jami'a: tambayoyi da amsoshi

Mene ne tauhidin ɗabi'a, kuma me ya raba shi da wa'azi?

Mai wa'azi yana faɗa wa jama'a abin da ya kamata su yi. Ɗalibin wannan fanni kuwa dalilin yake bi: wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu, yaya zai tafiyar da rayuwarsa, kuma don me? Yana neman amsa a Littafi Mai Tsarki, musamman Dokoki Goma da koyarwar Yesu a kan dutse, a Matiyu sura 5 zuwa 7, sannan a abin da Ikilisiya ta gada, da kuma hankalin da Allah ya ba ɗan Adam. Katolika sun fi kiransa tauhidin ɗabi'a, Furotesta kuma sukan ce ɗabi'ar Kirista.

Su wa ake karantawa?

Ba a tsallake Agustin, bishop ɗin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430. Sai Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274. Shi ya ɗora bayanin ɗabi'a a kan kyawawan halaye: hikimar zaɓin abin da ya dace, adalci, jaruntaka da kamun kai, ya haɗa su da bangaskiya, bege da ƙauna. Akwai Alfonsus Liguori na ƙarni na 18, wanda wata cibiyar nazarin ɗabi'a da aka kafa a Roma a 1949 take ɗauke da sunansa. A ɓangaren Furotesta, da wuya a gama karatu ba a haɗu da Dietrich Bonhoeffer ba, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a 1945 kafin ya kammala littafinsa kan ɗabi'a.

To me ya kawo ruhaniya cikin maganar?

A ganina nan ne zuciyar karatun take, domin ruhaniya ita ce rayuwar addu'a da neman kusanci da Allah. Bayan taron majalisar Ikilisiya na Trent, daga 1545 zuwa 1563, an mai da hankali wajen horar da firistocin da za su saurari masu furta zunubi. Sai littattafan ɗabi'a suka cika da lissafi: wane zunubi ne babba, wane ne ƙarami, ina iyakar doka ta tsaya. Addu'a da neman kusanci da Allah aka ware su gefe guda, kamar na 'yan zuhudu ne kaɗai. Kowane ɓangare ya yi asara. Ɗabi'a ta bushe ta koma shari'a zalla, ruhaniya kuma ta yi nisa da kasuwa da gida da wurin aiki.

Babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya nemi a gyara wannan, ya ce tauhidin ɗabi'a ya ƙara shan ruwa daga Nassi, ya kuma nuna girman kiran da aka yi wa kowane mai bi. Shi ya sa yau ɗalibi zai fito daga darasin lamiri ya shiga na Antoni da sauran masu zuhudu na hamadar Masar, ko ƙa'idar zaman zuhudu da Benedik ya rubuta a ƙarni na 6, ko atisayen ruhaniya na Ignatiyus na Loyola da aka buga a 1548, ko rubuce-rubucen Teresa ta Abila kan addu'a. Wanda bai san yadda zuciya take karkata ba, yaya zai fahimci abin da ke sa mutum ya san gaskiya amma ya kasa aikata ta?

Wace irin matsala ake tattaunawa a aji?

Ga misali. Majiyyaci yana bakin mutuwa, azaba ta yi masa yawa. Likita na da maganin da zai sauƙaƙa zafin, amma mai yiwuwa ya rage masa kwanaki. Ya halatta ya ba shi? Ɗalibai za su auna: aikin kansa mugu ne ko a'a, mene ne nufin likitan, ta hanyar mutuwar ake samun sauƙin ko kuwa mutuwar tana biyo baya ne ba da nufi ba, kuma dalilin ya kai nauyin haɗarin? Haka ake bi da yaƙi, aure, bashi da haƙƙin ma'aikaci, wanda Paparoma Leo na 13 ya yi wasiƙa a kansa a 1891, da kula da muhalli, batun wasiƙar Paparoma Francis ta 2015.

Sai wanda zai zama firist ko fasto ne ke yin karatun?

A'a. Akwai mata da maza da ba limamai ba, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan jinya. Jami'o'in gwamnati da yawa ba sa tambayar addinin ɗalibi.

Shekara nawa ake yi, kuma me za a shirya?

A jami'o'in da ke ƙarƙashin fadar Paparoma, ana fara da falsafa da digirin farko na tauhidi, sai shekara 2 na ƙwarewa a ɗabi'a ko ruhaniya, sannan digirin digirgir. Sauran jami'o'i tsarinsu ya bambanta. Mai son zurfi zai buƙaci Girkanci saboda Sabon Alkawari, Ibrananci saboda Tsohon, da Latin saboda su Agustin da Akwinas.